Kayan saƙar kaba da kayan sarrafa abinci na gargajiya a ƙasar Hausa

Kayan saƙar kaba da kayan sarrafa abinci na gargajiya su ne kayayyakin da Hausawa ke saƙawa, ko sassaƙawa, ko ginawa, ko fafewa da hannu domin mayar da hatsi abinci, da adana shi, da kuma kai shi gaban masu ci. Sun haɗa da faifai, matankaɗi, kwando, lefe, tabarma, turmi da taɓarya, dutsen niƙa, ƙwarya, ludayi, mara, muciya, maburgi, akushi, tukunya, madambaci da tanda. Ana samun su a Kano, Katsina, Sakkwato, Zariya, Daura, Maraɗi, Damagaram da sauran garuruwan Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar, haka kuma a zangunan Hausawa na Ghana, Kamaru, Chadi da Sudan.

Yawancin waɗannan kaya an tsara su ne bisa buƙatar gero da dawa, waɗanda su ne tushen abincin yankin. Kowane ɗaya yana da matakin da yake shiga a cikin aikin, tun daga lokacin da aka ciro dami daga rumbu har zuwa lokacin da aka kwashe tuwo. Zuwan injin niƙa da kwanon ƙarfe da roba ya kawar da wasu daga cikinsu, wasu kuma suna nan a kusan kowane gida.

Tarihi

Kayan da aka yi da kaba, ciyawa, itace ko duma ba sa daɗewa a cikin ƙasa, domin gara da danshi suna cinye su. Saboda haka masu binciken kayan tarihi sun fi dogara da dutse da kaskon tukwane wajen gano tarihin sarrafa abinci. An samu shaidar noman gero na kimanin shekara 4,500 da suka wuce a kwarin Tilemsi da ke ƙasar Mali. A Gajiganna da ke Jihar Borno, masu bincike daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt sun tono matsugunan mutane na fiye da shekara 3,000 da suka wuce. A can an samu duwatsun niƙa waɗanda aka ɗauko daga nesa, domin yankin ba shi da duwatsu, an kuma samu gutsattsarin tukwane masu ɗauke da sawun tabarma da sawun gero a jikinsu. Wannan ya nuna cewa saƙa da niƙa sun daɗe suna tafiya tare a wannan sashe na Afirka.

A birnin Kano, cinikin kayan sana'ar hannu ya bunƙasa a Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Har yanzu akwai rumfunan masu sayar da kayan saƙa, ƙore da kayan sassaƙa a kasuwar.

An fara rubuta sunayen waɗannan kaya da tsirran da ake yin su da su sosai a farkon ƙarni na 20. J. M. Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai da Hausa a 1916, G. P. Bargery kuma ya wallafa babban ƙamusunsa a 1934. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa Bahaushiya ta ƙasar Zazzau aka kuma wallafa a 1954, ya bayyana rayuwar mata a cikin gida, har da aikin abinci da kayan aure, tun daga ƙarshen ƙarni na 19.

Albarkatun da ake amfani da su

Kaba ita ce ganyen goriba, musamman ƙaramar goribar da ba ta riga ta yi tsawo ba. Masana tsirrai suna kiran goriba Hyphaene thebaica. Ta bambanta da yawancin danginta domin gangar jikinta tana rabuwa gida biyu, kowane reshe kuma ya sake rabuwa. Tana son kwari da ƙasa mai yashi inda ruwa ba shi da zurfi sosai. Ana yanko sabon ganye, a shanya shi ya bushe, sannan a tsaga shi siri-siri gwargwadon abin da za a saƙa. Kafin a fara aiki akan jiƙa shi don ya yi laushi kada ya karye. Ana kuma amfani da ganyen giginya, wanda ya fi kaba faɗi da kauri.

Daga cikin ciyayi akwai gamba, wadda ake yin zana da ita, da jema, da wasu ciyayin fadama masu dogon tsinke waɗanda ake sakawa a cikin faifai su ba shi ƙarfi.

Wajen sassaƙa ana neman itace mai tauri wanda ba ya tsagewa da wuri. Kirya ita ce ta fi shahara wajen turmi da taɓarya, ana kuma amfani da kaɗanya, maɗaci da marke. Duma, wanda ake shukawa a gonaki da bayan gida, shi ke ba da ƙwarya, masaki, ƙoƙo, ludayi, gora da buta. Siffar ɗan duman ita ke nuna abin da zai zama. Yumɓu kuma shi ne na ginin tukunya, tulu, randa, kasko da tanda.

A da, ana rina kaba da launukan da ake samu daga tsirrai. Karan dafi, wato wani nau'in dawa da ake shukawa don launinsa, shi ke ba da ja, gangamau kuma rawaya. A yau galurar kanti ta fi yawa, shi ya sa ake ganin kore, shuɗi da ruwan hoda a jikin faya-fayai.

Hanyoyin saƙa

Akwai manyan hanyoyi uku. Ta farko ita ce ta naɗi, wadda ake yin faifai da ita. Mai saƙa takan haɗa 'yan tsinkayen ciyawa wuri ɗaya, ta naɗe su da siririyar kaba, ta fara lanƙwasa su daga tsakiya suna zagayawa. Kowane sabon zagaye ana ɗinke shi da na bayansa ta hanyar huda da basilla ko tsinken ƙarfe a zura kabar. Idan ana son faifai shimfiɗaɗɗe, sai a riƙa ajiye zagayen gefe da gefe. Idan kuma ana son mai zurfi, sai a riƙa ɗora shi kaɗan a kan na baya. Ana fitar da ado ta hanyar sauya launin kaba a wuraren da aka ƙirga. Ingancin faifai yana ga matsewar ɗinkinsa: wanda aka matse sosai gari ba ya bi ta cikinsa.

Hanya ta biyu ita ce ta kitso, wadda ake yin tabarma da ita. Ana kitsa kaba ta zama doguwar ɗauri mai faɗin 'yan yatsu, sannan a jera ta a haɗa gefe da gefe har a samu faɗin da ake so. Da irin wannan saƙa ake yin lefe, sanho, mafici da malfa.

Hanya ta uku ita ce ta sarƙa tsinkaye masu tauri, wasu a tsaye wasu a kwance, kamar yadda ake yin kwando da tsagin gora ko tukurwa. Irin wannan saƙa tana barin ƙofofi, don haka iska da ruwa suna wucewa.

Ire-iren kayan saƙa

Faifai shi ne mafi yawan amfani. Ana bakace da shi, ana tankaɗe, ana tsince shinkafa ko wake, ana shanya kuɓewa da yaji, ana fifita wuta, ana kuma rufe ƙwarya ko akushi. Akwai na aiki, wanda ba a cika yi masa ado ba, akwai kuma na rufi mai launuka, wanda ake ɗorawa a kan abincin maigida ko na baƙo.

Matankaɗi shi ne abin da ake raba lallausan gari da tsaki da shi. Kafin yaɗuwar rariyar waya, mata suna yin wannan aiki da faifai, suna karkaɗa shi har garin ya taru gefe ɗaya, tsakin kuma ya gangaro ɗaya gefen. Rariyar da aka sani a yau tana da da'irar katako ko ta ƙarfe da raga a ƙasa. A Nijar akan kira ta teme, kalmar da aka aro daga Faransanci.

Kwando ana ɗaukar kayan gona da kayan miya da shi, ana kuma tsane abin da aka wanke. Lefe kwando ne na kaba mai laushi wanda mata ke zuba auduga da kayan kaɗi a ciki. Adudu babba ne mai murfi, na ajiyar tufafi. Ragaya igiya ce da ake saƙawa kamar raga a rataye a ɗaki, a ɗora ƙwaryar nono ko ta fura don kada kyanwa, ɓera ko yara su kai gare ta. Tabarma kuwa, ban da zama da kwanciya, a kanta ake shanya hatsin da aka wanke, a kanta kuma ake zama cin abinci.

Turmi, taɓarya da dutsen niƙa

Masassaƙi yakan yanko gungume, ya daidaita bayansa da gatari da gizago, sannan ya rarake cikinsa. Turmi yana da gindi mai nauyi don kada ya tuntsure, da ƙugu, da baki mai faɗi. Akwai babba na sussuka da surfe, wanda mata biyu ko uku za su iya daka a cikinsa lokaci ɗaya, akwai matsakaici na fura da sakwara, akwai kuma ƙarami na jajjage da yaji. Taɓarya tana da kai biyu masu kauri da siririn tsakiya inda ake riƙewa. Rana da ruwa su ne ke fasa turmi, shi ya sa ake kifa shi ko a kwantar da shi a inuwa bayan an gama aiki.

Idan mata suna daka tare, kowace tana sauke taɓaryarta a lokacin da ta 'yar'uwarta ke sama. Wannan shi ake kira lugude. Wasu sukan cilla taɓarya sama su tafa hannu kafin su cafe ta, ana kuma rera waƙoƙin daka don rage gajiya.

Dutsen niƙa kashi biyu ne: babban dutse mai ɗan kwari wanda ake girkewa a ƙasa, da ɗan dutse da ake turawa a kansa da hannu biyu. Mai niƙa takan durƙusa, ta riƙa zuba hatsi kaɗan-kaɗan, garin yana gangarawa cikin faifai ko ƙwaryar da aka tara a gaba. Idan dutsen ya yi santsi ba ya cin hatsi, sai a koɗa shi da makoɗi ya sake yin kaushi. Niƙa na daga cikin ayyukan gida mafi wahala, kuma shi ne na farko da inji ya karɓe.

Ƙwarya, akushi da kayan girki

Idan duma ya ƙosa ya bushe, sai mafafi ya raba shi biyu, a kankare cikinsa, a jiƙa shi a wanke har ɗacinsa ya fita. Masaki shi ne babba, ƙwarya matsakaiciya, ƙoƙo kuma ƙarami. Ludayi yana fitowa daga duma mai dogon wuya. Mara ɓallin ƙwarya ce da aka gyara bakinta don kwasar tuwo. Ƙwarya ba ta da nauyi, ba ta kuma ɗaukar zafi da sauri, shi ya sa ta dace da fura, nono da kunu. Idan ta tsage ba a yar da ita, gyartai ne ke ɗinke ta. Ana yi wa ƙwarya zane da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi, sana'ar da Fulani da wasu al'ummomin Adamawa da Gombe suka yi fice a kanta.

Akushi kwano ne na itace wanda ake sassaƙawa a baƙanta shi. Yana riƙe ɗumin tuwo, kuma a da shi ne kwanon maigida. Muciya sanda ce mai kauri ta tuƙa tuwo. Maburgi, wanda wasu ke kira maburkaki, siririn itace ne mai 'yan yatsu a ƙarshe, ana murza shi tsakanin tafin hannu don kaɗa miyar kuka ko ta kuɓewa kada ta yi gudaji.

A cikin kayan yumɓu, tukunyar tuwo ta fi ta miya girma. Madambaci tukunya ce mai huji-huji a gindi, wadda ake ɗorawa a kan wata mai tafasasshen ruwa don turara dambu, ana liƙe mahaɗarsu don kada tururi ya fita. Tanda tana da gurabe da ake zuba ƙullun waina. Randa da tulu suna sanyaya ruwa domin jikinsu yana tsattsafowa kaɗan, iska kuma tana busar da shi. Tukwanen girki gindinsu a zagaye yake, saboda su zauna daidai a kan murhu mai duwatsu uku.

Daga zangarniya zuwa malmala

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar aikin kowane kaya ita ce bin matakan tuwon gero ko na dawa.

Mataki na farko shi ne sussuka, inda ake daka zangarniya a turmi don ƙwayar ta rabu da ita. Sai shiƙa: mace takan ɗaga ƙwarya sama ta riƙa zubo hatsin cikin wata da ke ƙasa, iska tana kwashe ƙaiƙayi. Na uku shi ne surfe, inda ake yayyafa wa hatsin ruwa kaɗan a daka shi a hankali don ɓawonsa ya fita ba tare da ƙwayar ta farfashe ba. Daga nan sai bakace da faifai, wanda ke fitar da dusa. Dusar ba a zubar da ita, abincin dabbobi ce. Sai a wanke hatsin a rege shi a ƙwarya don tsakuwa da yashi su kwanta a ƙasa. Ruwan wankin, wato ƙasari, ana ba dabbobi su sha.

Bayan hatsin ya tsane a kan tabarma, sai a daka shi ko a niƙa. Ana tankaɗe garin, a mayar da tsakin cikin turmi a sake dakawa, har sai abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Tsakin da aka ware yana da nasa amfani wajen dambu, fate da burabusko. A wurin girki, ana fara yin talge da ɗan gari a cikin tafasasshen ruwa, sannan a riƙa zuba sauran ana tuƙawa da muciya har ya yi kauri. Idan ya turara, sai a kwashe da mara, a mulmula shi a ƙoƙo ya zama malmala, a sa a akushi ko kwano a rufe da faifai.

Fura tana bin yawancin waɗannan matakai, sai dai ana haɗa garin da citta, kanumfari da barkono, a dunƙula a dafa, sannan a mayar da shi turmi a kirɓa, a cura, a barbaɗe da gari. Ana dama ta da nono a ƙwarya da ludayi. Turmi yana kuma shiga aikin daddawa, da fitar da man gyaɗa daga tunkuza kafin a soya ƙuli-ƙuli.

Masu sana'a da kasuwanci

Sassaƙa da ƙira sana'o'in maza ne, kuma yawanci gado ake yi. Saƙar faifai ta fi yawa a hannun mata, domin aiki ne da ake iya yi a cikin gida bayan an gama girki, jarinsa kuma kaɗan ne. Saƙar tabarma da ginin tukwane a wasu garuruwa maza ke yi, a wasu kuma mata. A karkara aikin ya fi ƙarfi da rani, lokacin da babu aikin gona.

Matan da ke cikin kulle sukan sayar da abin da suka saƙa ta hannun yara, dillalai ko tsofaffin mata masu zuwa kasuwa. Haka nan wasu mata suna yin surfe, daka ko tankaɗe a biya su. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina ta kuma wallafa littafinta Rural Hausa a 1972, ta nuna girman cinikin da mata ke yi daga cikin gidajensu. Kuɗin da ake samu ta wannan hanya na matar ne, kuma sau da yawa da shi take shiga adashi, take biki, take kuma tara wa 'yarta kayan ɗaki.

'Yan kasuwa suna saro kayan daga kasuwannin ƙauye da ke ci mako-mako su kawo birni. A Kano ana samun su a Kurmi, Rimi da Sabon Gari. Kasuwar 'Yankaba da ke ƙaramar hukumar Nassarawa, wadda a yau ta shahara da kayan gwari, ma'anar sunanta ita ce masu sana'ar kaba.

Matsayinsu a aure da harshe

Kayan da ango ke kai wa amarya ana kiran su lefe ne domin a cikin lefen kaba ake zuba su a da. Sunan ya tsaya ko da yake akwatuna sun maye gurbinsa. Iyayen amarya kuma su ke haɗa mata kayan ɗaki da na girki. A da, jeren amarya ƙore ne masu zane da faya-fayai masu launi, daga baya tasoshi da kwanonin langa suka shigo, sannan tangaran da gilashi a cikin kabad. Barbara Cooper ta yi bayanin irin wannan sauyi a littafinta Marriage in Maradi na 1997. A wurare da yawa ana zaunar da amarya a kan turmi lokacin wankan aure. Ƙwarya kuma kayan kiɗa ce ta mata, kamar a kiɗan amada wanda Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta shahara da shi.

Waɗannan kaya sun bar sawu mai yawa a harshen Hausa. Ana cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe, wato kowa ya yi hulɗa da daidai shi. Ana cewa ƙwarya tagari tana ragaya. Wanda tauraronsa ke haskawa akan ce ludayinsa na kan dawo, salon mulkin shugaba kuma shi ne kamun ludayinsa. Tantance mutane da kyau shi ne tankaɗe da rairaya, harin da ba ƙaƙƙautawa kuma luguden wuta. Da garmaho ya zo, sai aka kira abin da ake ɗora masa faifai saboda kamar da suka yi, daga nan aka samu faifan bidiyo.

Sauye-sauyen zamani

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911, kayan ƙarfe na ƙasashen waje sun ƙaru a kasuwanni. Kwanon langa da tasa sun rage amfani da akushi da ƙwarya. Daga baya maƙeran gida suka fara narka tsofaffin kayan alminiyam suna zuba tukwane masu siffar ta yumɓu, waɗanda ba sa fashewa. A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 injin niƙa ya bazu daga birane zuwa ƙauyuka, sai injin markaɗe, na surfe da na casa suka biyo baya. Roba, kula da leda su ne na baya-bayan nan.

Sauyin bai shafi kayan daidai wa daida ba. Dutsen niƙa, akushi da adudu sun kusa ɓacewa a birane. Turmi ya rage girma amma yana nan, domin yaji, jajjage, fura da sakwara. Muciya, maburgi, rariya da faifai suna nan ko a gidajen zamani na unguwanni irin su Nassarawa da Bompai, domin babu na'urar da ta karɓe aikinsu gaba ɗaya. Inji ya sauƙaƙa wa mata aikin da ke cin sa'o'i a kullum, amma ya rage sana'ar masu daka da niƙa don kuɗi, ya kuma mayar da wannan ciniki hannun masu inji, waɗanda yawancinsu maza ne.

Masu saƙa ma sun sauya kayan aiki. Wasu suna naɗe faifai da zaren buhu, zaren ulu ko leda mai launi a maimakon kaba. An kuma samu sabuwar kasuwa ta kayan ado, inda ake sayen faya-fayai da ƙore don liƙawa a bango, ƙawata wurin biki, ko ranakun nuna al'ada a makarantu.

Matsalar albarkatu

Babbar barazana ga waɗannan sana'o'i ita ce raguwar itatuwan da suka dogara da su. Idan ana yawan yanke sabon ganyen goriba, ba ta samun damar yin ganga ta girma ta yi 'ya'ya, sai ta tsaya a matsayin kaba. Ana ganin wannan a Gulbin Kaba, wani busasshen kwari da ya ratsa yankunan Tasawa da Mayahi a Jihar Maraɗi, inda dubban iyalai ke samun kuɗi daga yanka da saƙar kaba. Farin shekarun 1970 da na 1980, da faɗaɗa gonaki, sun ƙara matsa wa itatuwan yankin. Kirya kuma tana da jinkirin girma, ga shi masu gawayi da maƙera suna neman ta, don haka samun gungumen da ya isa babban turmi yana ƙara wuya kusa da birane.

Tun daga shekarun 1980 manoma a Jihar Maraɗi suka rungumi dabarar barin kututturan itatuwa su sake tofowa a cikin gona, suna rage rassan su bar masu ƙarfi. Dabarar ta dawo da miliyoyin itatuwa a Kudancin Nijar, kuma ana amfani da irinta wajen barin wasu kaba su girma su zama goriba.

Adana kayan a Kano

Gidan Ɗan Hausa da ke unguwar Nassarawa a Kano tsohon gini ne na ƙasa inda Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya zauna. Shi ne ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nassarawa a 1909, kuma a cikin tsarinta akwai sashen koyar da sana'o'in hannu. A yau gidan yana ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, ana kuma nuna kayan sana'o'in gargajiya a cikinsa. Gidan Makama da ke cikin birni kusa da fadar sarki, wanda ke ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, shi ma yana da kayan amfanin gida na Hausawa. Ɗalibai suna ziyartar wuraren biyu, kuma ga yaran birni da yawa a nan suke fara ganin wasu daga cikin kayan da kakanninsu suka yi aiki da su kullum.

Makamantansu a wasu ƙasashe

Irin waɗannan kaya suna ko'ina a Afirka, sai dai siffarsu tana bin abincin kowace al'umma. Al'ummar Chokwe ta Angola, Kwango da Zambiya, waɗanda rogo ne babban abincinsu, suna jiƙa shi su shanya, su daka a turmi, su tankaɗe garin da rariyar da aka saƙa da tsirrai. Suna kuma da faifan bakace da kwandunan ajiya, masu dubansu ma da kwando suke aiki. A Sudan ana saƙa murfin abinci mai launuka da ganyen goriba ta hanyar naɗi irin ta faifai. A Habasha akwai mesob, babban kwando mai murfi da ake cin abinci a kansa. Garin Bolgatanga na Arewacin Ghana ya shahara da kwandunan ciyawa da ake fitarwa zuwa Turai da Amurka. A Jihar Karolina ta Kudu a Amurka kuma, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma suna saƙa kwandunan naɗi waɗanda asalinsu na bakacen shinkafa ne.